Tukwanen da Na Sayo wa Nana

Asabar, bayan la'asar

Na dawo daga kasuwar Ataba da tukwanen shuka na roba, ɗaya ja, ɗaya ruwan ƙwai, ɗaya kore shar. Ba su na fita nema ba. Bargo na je saye, don sanyin bana ya shigo da wuri, gidan nan namu na unguwar Darrasa a Alƙahira kuma ba ya ganin rana sai wata 'yar siririya da ke faɗowa ta tagar falo da hantsi, ta ɗan kwanta a kan tayil ta tashi. Ina cikin cunkoson masu sari na ga wani ya jera su a ƙasa kamar kwanukan biki, sai na tuna maganar likita ranar da aka sallame mu. Ta ce kada a bar Nana cikin duhu, kada a bar ta ita kaɗai, a sa mata abin da ido zai huta a kansa. Duhun ba ni na gina gidan ba. Kaɗaicin kuma jarrabawa ta ƙarato, dole in riƙa fita. Na ukun ne na ga kamar zan iya.

Shukokin na Nana ne. Tun shekarar da na ɗauko ta daga Funtuwa bayan bikinmu take tara su a bakin taga. Na'ana'a a gwangwanin madara, wani mai yaɗo da Misirawa ke ce wa botos a yankakkiyar jarka, moda a robar halawa, sai ɗaɗɗoya da ta zo da irinta ƙulle a bakin gyale daga tsakar gidan Innarta, ta shuka a wani tsohon kwanon sha da ya huje. Tun ranar da muka tafi asibiti babu wanda ya ba su ruwa. Ni ban ma lura ba sai shekaranjiya.

Na kai mata tukwanen har bakin gado. Ta dube su ta ce, "Sun yi kyau, Malam." Ta mayar da fuskarta bango.

Bargon ban sayo ba.

Lahadi, da hantsi

Ta sha rabin kofin shayi. Alhamdulillah.

Litinin, bayan azahar

Hajja Zahra ta hawan ƙasa da mu ita ke riƙe da gidan nan yanzu, ba ni ba. Bahaushiyar Sudan ce, kakanninta daga Haɗeja suka taso da niyyar Hajji, hanya ta ajiye su a can. Hausarta irin ta tsofaffi ce, da Larabci a tsakiya. Kullum da safe tana hawowa tana haki, ta ɗora babbar tukunya a kan gas, ta shiga da Nana banɗaki. Tana kawo wani kunun hulba da suke kira madida, ta tsaya a kanta sai ta sha.

Yau na ce mata ko a rage wankan nan, tunda Nana tana kuka duk lokacin da aka yi. Ta dube ni ta ce, "Ya waladi, ɗana, jiki bai san abin da ya faru ba. Shi dai ya yi aikinsa, dole a gasa shi."

Na koma falo na zauna ina jin ƙarar ruwa. Da na rasa abin yi na duba tukwanen, ashe ba su da huji a ƙasa. Na ɗora ƙusa a wuta na huda biyu. Koren ya tsage har baki.

Na mayar da na'ana'a cikin jan. A shago ya fi haka kyau. A falonmu ya yi ja da yawa, kamar yana ihu.

Laraba, bayan magariba

Gidaɗo ya zo. Tare muka sauka a Alƙahira shekarar farko, ɗaki ɗaya muka zauna kafin in yi aure, kuma shi ne ya tsaya tare da ni a ranar. Na roƙe shi ya taimaka mini mu fitar da kayan ƙaramin ɗakin tun Nana tana barci. Ya ce, "Ka tambaye ta, Ukasha?" Na ce likita ta ce a kawar da duk abin da zai tayar mata da hankali. Likita ba ta faɗi haka ba. Ni na ga ya dace.

Muka kwance ɗan gadon nan na katako mai lilo, muka ɗaure shi da igiya. Akwatin da Inna ta aiko da shi tun wata biyu baya ma ya tafi, ban buɗe ba. Gidaɗo ya sauka da su a hankali kamar ɓarawo, ya ce zai ajiye a wurinsa har sai an nema.

Na jera botos da moda a inda gadon yake, don kada wurin ya zauna fayau.

Da ta tashi za ta banɗaki ta tsaya a ƙofar ɗakin. Ta daɗe. Ba ta tambaye ni komai ba. Da ma ta tambaya.

Alhamis, da safe

Ba ta sha madidar ba. Hajja Zahra ta fito da kofin a hannu, ta wuce ni ba ta amsa gaisuwata ba.

Asabar, bayan la'asar

Na ce wa kaina laifin roba ne. Roba ba ta da rai, kowane launi aka zuba mata sai ya zama na kasuwa. Don haka maimakon laburare na shiga jirgin ƙasa na metro na sauka tashar Mar Girgis, na taka zuwa unguwar magina tukwane. Ban taɓa zuwa ba duk shekarun nan. Tukwane tuli-tuli har kan rufi, randuna, tuluna, kaskwaye, ƙamshin yumɓu da hayaƙi. Na ɗan lokaci sai na ji kamar ina kasuwar ƙauyenmu.

Wani dattijo mai suna Ammu Isam ya ja ni rumfarsa ya ba ni shayi. Na ce ina son abin da zai haskaka ɗaki mai duhu. Ya ce fari yana nuna datti, ja yana gajiyar da ido, in ɗauki shuɗi irin na Fayyum mai sheƙi, shi ko fitila ce ta taɓa shi sai ya mayar da haske. Na ɗaga ɗaya na ajiye, na ɗaga wani. Akwai mai zanen kifi, akwai mai zanen dabino. Na yi ta tunanin wanne Nana za ta so, sai na gane ban sani ba. Na san ba ta son albasa a ƙwai, na san surar da take maimaitawa in tana wanke-wanke. Launin da take so ban sani ba. Ban taɓa tambaya ba, don ban ɗauka akwai gaggawa ba.

Na ɗauki shuɗi wanda babu zane. Yana naɗe mini shi a jarida ya ce, "Ya Sheikh, da yara a gidan? In akwai mai rarrafe ka ɗora shi sama, wannan in ya fashe yanka yake yi."

Na ce babu mai rarrafe.

Ya ce, "Rabbina yirzu'ak." Wato Allah ya ba ka. Na ce amin. Na rungumo tukunyar a metro har gida, wata mata ta tashi ta ba ni kujera, ta ɗauka ko ba ni da lafiya ne.

Litinin, bayan azahar

Jarrabawar fiƙihu. Tambaya ta uku daga babin jana'iza ta fito, mas'alar da ke rarrabe jaririn da ya yi kuka da wanda bai yi ba, wa ake wankewa, wa ake yi wa salla. Na san amsar da saɓanin mazhabobi huɗu da dalilin kowa. Na riƙe biro har aka ce a ajiye. Gurbin na nan fari.

Gidaɗo ya same ni a waje ya saya mini gasasshen dankali mai zafi. Muka ci a tsaye.

Talata, bayan magariba

Inna ta kira daga Funtuwa. Da Nana suka fara, na ji tana ta "to, Inna, to," murya can ƙasa. Sannan aka miƙo mini. Bayan gaisuwa ta ce, "Malam Ukasha, ba don na raina ƙoƙarinka ba, amma yarinyar nan a hannun uwa ya kamata ta kasance. Ka turo mini ita ta huta." Na ce in sha Allahu za mu duba.

Da na ajiye wayar Nana ta ce, "Ina son in tafi."

Maimakon in ce to, ko in ce me ya sa, ko in zauna kusa da ita kawai, sai na ji bakina ya kama karanto mata hadisin gidan da ake gina wa bawa a Aljanna idan ya yi haƙuri ya gode. Da Larabci na fara, na fassara, har da sharhi. Ta bari sai da na gama.

Ta ce, "Na san shi, Malam. Ni ma na haddace shi a Islamiyya."

Ban san abin da ya sa ba na iya yi mata magana sai da maganar wasu ba.

Laraba, da safe

Sanyi. Misirawa sun ce watan Tuba ya kama, wai shi ke mayar da budurwa tsohuwa. Hita tana kunne a ɗakinta, ni ina falo da jallabiya biyu.

Alhamis, bayan la'asar

Zan rubuta yadda abin ya faru ba ƙari.

Jiya da yamma na ɗauko ɗaɗɗoyar na ciro ta daga kwanonta na mayar da ita cikin shuɗiyar tukunyar. Saiwar ta manne da gindin kwanon, sai da na sa cokali. Kwanon duk ya yi tsatsa, fentin ya ɓamɓare, na sa shi a ledar shara na ajiye a bakin ƙofa, mai kwasar shara ya tafi da shi da asuba. Na goge tukunyar na ɗora ta daidai inda rana ke faɗowa. Gaskiya ta yi kyau. Na yi ta jiran hantsi.

Hantsi ya yi, Nana ta fito falo da kanta, karo na farko ba don banɗaki ba. Zuciyata har ta yi sanyi. Ta tsaya gaban tukunyar, ta taɓa ganyen da ya riga ya sunkuya.

Ta ce, "Ina kwanon?"

Na ce ya lalace, na zubar.

"Kwanon Inna ne. Da shi ta ba ni fura ranar da zan taho."

Na ce ban sani ba, ta yi haƙuri, zan bi mai sharar. Ta girgiza kai. Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi.

Ta ce, "Komai sai ka ɗauke ba ka tambaye ni ba. Ka ɗauke gadon. Ka ɗauke akwatin. Ka ɗauke kwanon. Ita ma ka ɗauke ta ban gan ta ba."

Na ce, "Nana, ba ki farfaɗo ba a lokacin. Likitoci ba su ma san ko za ki..."

Ta ce, "Na sani. Amma na farfaɗo tuni. Ina nan a gabanka kullum. Tukwane kake kawo mini."

Ta koma ɗaki ta tura ƙofa a hankali.

Juma'a, bayan sallah

Na bi layin masu shara har bayan masallaci. Sun yi mini kirki, sun bar ni na duba. Babu.

Asabar

Ba abin rubutawa.

Lahadi, bayan la'asar

Kunyar rubuta wannan nake ji. Na fita da safe ban san inda za ni ba, ƙafata ta kai ni Zamalek, wani shagon furanni da na taɓa gani ta tagar tasi. Ciki ɗumi, ga ƙamshi, ga kiɗa a hankali, tukwane farare sumul a kan katako kamar ba a taɓa zuba musu ƙasa ba. Bayan duk abin da ta faɗa mini, wai ni ne tsaye ina juya wata farar tukunya ina duba gindinta.

Yarinyar shagon ta tambaye ni wace shuka ce. Na ce raihan, sunan ɗaɗɗoya ke nan a wurinsu. Ta ce in dai a wannan sanyin ne kada in taɓa saiwarta, in ɗauki tsohon mazubin yadda yake in zura cikin sabon, sai bazara a canja. Na ce to, na gode. Na ajiye tukunyar na fito.

Ashe ana iya barin abu a cikin kwanonsa.

Na taka har gada na tsaya ina kallon ruwa, iska na yanka mini kunne, har aka kira azahar.

Talata, da hantsi

Ɗaɗɗoyar ta yi baƙi daga ƙasa. Na'ana'a ma ta zube. Moda da botos da ban taɓa ba suna nan lafiya a robarsu.

Laraba, bayan azahar

Hajja Zahra ta tare ni a matattakala. Ta zauna a kan mataki don gwiwarta, ta ce in zauna. Na zauna ƙasa da ita.

Ta ce, "Kai ta wurin."

Na ce, "Hajja, mata a wurinmu ba sa zuwa."

Ta ce, "Kai malami ne, ka san abin da littafi ya ce da abin da bai ce ba. Ba wannan ne ya hana ka ba. Faɗa mini."

Sai na faɗa mata. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Gidaɗo da ke tsaye a sama ranar bai ga abin da na gani ba. A gida kabari kabari ne, a haƙa wa mutum nasa, a rufe, a kafa alama, ka ce ga shi nan. A nan ɗaki ne a ƙarƙashin ƙasa. Aka ɗaga duwatsu, na sauka da ita a hannuna, mai kula da wurin yana haska mini da waya. Yashi ne a shimfiɗe, ga wasu a jere cikin likkafaninsu. Na kwantar da ita a gefe, a kan damanta, na kwance ƙullin. Wurin da ta ci bai kai tsawon hannuna ba. Na hau aka mayar da duwatsun. To in Nana ta ce in nuna mata, me zan nuna? In ce mata na bar ta a ɗaki ɗaya da baƙin da ban san ko sunansu ba?

Hajja Zahra ta ce, "Maigidana yana can shekara da shekaru, a irin ɗakin. Farko ni ma na ƙi. Daga baya na ce gara ma haka, bai kwana shi kaɗai ba a ƙasar mutane." Ta dafa bango ta miƙe. "Abin da kake ɓoye mata, wanda take zanawa a ranta ya fi shi muni. Khalas, shi ke nan, kai ta."

Alhamis, bayan magariba

An samu jirgi ranar Litinin. Matar wani ɗan'uwan Gidaɗo za ta Kano, za su tafi tare da Nana, yayan Nana zai tare ta a can. Ni na je na yanko tikitin. Mai ofishin ya ce a sa ranar dawowa? Na ce a bari tukuna.

Na ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin, abin da ban taɓa yi ba a gidana. Na ce, "Nana, gobe in kina so, zan kai ki."

Ba ta ce ina ba. Ta ce, "Da safe?"

Na ce da safe.

Juma'a, bayan la'asar

Mun je.

Maƙabartar ba ta da nisa, tsallaken babban titi ce, kullum ina hango ta in za ni aji, kuma tun ranar nake bin wata hanyar. Nana ta sa baƙar abaya da rigar sanyina a sama. Tafiya tana yi mata wuya har yanzu saboda ɗinkin, muka yi ta tsayawa. A wajen tsallaka titi ta riƙe hannun rigata.

A bakin shiga akwai wata mata da ke sayar da ganyen dabino da wata shuka mai kauri da ƙaya da suke kira sabbar, a ƙananan tukwanen ƙasa. Al'adarsu ce su ajiye a bakin kabari, don tana jure rashin ruwa. Nana ta tsaya. Ta durƙusa da ƙyar ta fara ɗaga tukwanen ɗaya bayan ɗaya. Duk iri ɗaya ne a idona, jan yumɓu ba fenti ba zane. Ta daɗe ƙwarai. Na ga wata da ta fi sauran daidaito, bakina ya buɗe zan nuna mata, na rufe. Ta ɗauki wata 'yar ƙarama mai ɗan karkataccen baki, da sawun yatsan magini a gefe. Ta ce, "Wannan." Na miƙa hannu zan riƙe mata ta ce a'a.

Mai kula da wurin ya gane ni, ya buɗe mana ƙofar ƙarfe. Fili ne ɗan ƙarami da katanga, wani bawan Allah ya yi waƙafinsa don baƙi. Na nuna mata duwatsun da ke shimfiɗe a ƙasa, na faɗa mata komai yadda na faɗa wa Hajja Zahra, ban rage ba. Ɗakin, yashin, mutanen da ke ciki. Ina magana ina jiran ta faɗi ko ta yi kuka. Ta dai saurara.

Ta ce, "Ta wane gefe?"

Na auna da idona na nuna mata kusa da katangar dama. Ta je ta ajiye tukunyar a wurin, ta gyara mata zama, ta zauna a ƙasa. Na zauna. Muka yi addu'a, kowa tasa.

Can ta ce, "Ta yi kuka?"

Na ce ta yi, sau ɗaya, ƙarami kamar na mage. Daga nan suka sa ta a kwalba.

"Da gashi?"

Na ce da yawa, baƙi, a kwance. Na ce goshinki ne, yatsun kuma dogaye irin na gidanmu. Na ce da na sa ɗan yatsana a tafinta ta riƙe. Na ce washegari da suka ga babu yadda za a yi sun ciro ta sun ba ni, a ƙirjina ta cika, ba a cikin kwalba ba. Duk wannan yana wurina tun ranar, ni kaɗai, ina ganin rufa mata nake yi. Tana ji tana gyaɗa kai kamar mai karɓar saƙo, hawaye na zuba ba ta share ba.

Ta ce, "Ka yi mata huɗuba?"

Na ce na yi, a kunnen dama, tun daren farko.

"Da wane suna?"

Na ce, "Ummukulsum."

Ta rufe bakinta da gyale. Sunan Inna ne, ba ta iya faɗarsa. Tun cikin yana ƙarami ta taɓa cewa in mace ce tana so a yi wa Inna takwara, sau ɗaya ta faɗa, tana dariya, ta ɗauka ban ji ba.

Muka zauna har rana ta hau katangar. Da za mu tashi ita ta miƙo mini hannu in ɗaga ta.

A hanya ta ce tana jin yunwa. Na saya mata miyar adas, wani ɗan ƙaramin wake nasu, a wani shago, ta shanye, ta karɓi ragowar tawa.

Asabar, bayan azahar

Na yi zaton ko za ta ce a fasa tafiyar. Ba ta ce ba, ni ma ban roƙa ba. Tana haɗa kaya, ina miƙo mata. Ta ce in gaya wa Gidaɗo ya dawo da akwatin Inna, tana son ta buɗe da hannunta kafin ta tafi. Gadon ya zauna a can.

Da aka kawo ta shiga da shi ɗaki. Na tambaya ko in shigo. Ta ce in shigo.

Lahadi, da yamma

Hajja Zahra ta kawo turaren wuta na Sudan a kwalba ta ce a kai wa Inna. Suka daɗe a rungume. Da za ta sauka ta ce mini, "Kai kuma ka riƙa saukowa cin abinci, kada in ji kana rayuwa da biredi da shayi."

Na tambayi Nana me zan yi da tukwanen da babu komai a ciki. Ta dube su, ja, ruwan ƙwai, shuɗi. Ta ce, "Ka bar su. Shuɗin ba laifi." Ta taɓa bakinsa da yatsa. "Ni ruwan toka nake so, in ka ƙara ganin wata. Amma kada ka saya sai ina nan."

Ban tambaye ta yaushe ke nan ba. Na riƙe maganar yadda ta zo.

Litinin, bayan la'asar

Jirgin ya tashi. Na dawo a bas. Gidan ya yi girma.

Laraba, bayan magariba

Ta kira daga Funtuwa. Ta isa lafiya, ta yi barci sosai, Inna ta dafa mata farfesu. Muryarta ta ɗan buɗe. Ta tambayi jarrabawa, na ce akwai wadda zan maimaita, ta ce Allah ya sa alheri. Ina jin kaji a bayanta da wani yana daka.

Ta ce, "Na faɗa wa Inna sunan."

Na ce me ta ce?

"Ta shiga ɗaki ta daɗe. Da ta fito ta ce ai ba a bar mai sunan manya haka ba, dole a sa mata na kira. Ta ce Walida."

Na ce ya yi.

Ta ce, "Ran Juma'a in ka samu hali ka leƙa Walida."

Na ce zan je.

Duk makonnin nan tana kwance tana kallon bango ba ta da ko sunan da za ta kira a ranta, ni kuma yana bakina, ina yawo da shi kasuwa-kasuwa. Wannan ba zai dawo ba.

Walida. Yau ne na fara rubuta shi.